Hangen Ɗa'ifa ba shiga birni ba ne

Zauren ya cika har ƙofa, takalma sun yi tsibi a waje. Wani dattijo ne a Kademi ya dawo daga Umra, jama'a na ta shigowa yi masa barka da sauka. Yaro ɗaya yana zagayawa da farantin dabino, wani yana tsiyaya zamzam a 'yan kofuna, kurɓi ɗai-ɗai don ya isa kowa. Da aka shafa addu'a sai Alhaji ya zaro waya daga aljihun gaba ya miƙa wa na kusa da shi.

"Ku ga Ɗa'ifa," in ji shi. "Garin nan sanyi gare shi. Da rana tsaka sai da na ɗora riga a kan riga."

Waya ta shiga yawo hannu zuwa hannu. Ga biri zaune a kan mota yana ɓare ayaba. Ga Alhaji a cikin akwatin nan mai tafiya a jikin waya a sararin sama, ya riƙe ƙarfe gam, yana murmushin da bai kai ciki ba. Ga tire na shinkafa da gasasshiyar kaza. Ga kwalaben turare jere a kanta. Can sai wani ɗan ƙaninsa, ɗalibin Islamiyya, ya ce, "Baba Alhaji, kun je gonar da Addasu ya kawo wa Manzon Allah inabi?"

Alhaji ya ɗan yi shiru. "To, direba dai ya rage gudu ya nuna mana wani masallaci ta taga, ya ce nan ne. Lokaci ya ƙure, muna sauri mu kai miƙati."

Aka ce Allah Ya maimaita, hira ta koma kan birai.

Ba Alhaji nake zargi ba. Irin wannan labarin na ji shi a bakin mutanen Gaya, na ji a bakin na Ajingi, na ji a bakin 'yan birni masu digiri. Mutum ya sayar da buhunan gyaɗa da sa guda, ya ƙetare Bahar Maliya, Allah Ya ba shi yini ɗaya a ɗaya daga cikin tsofaffin biranen Larabawa, ya dawo kamar yaron da aka aika kasuwar Wudil ranar Juma'a, ya shigo gida ba saƙo sai labarin mai wasa da kura.

1. Yadda ake yanka yinin

A da, wanda ya je ƙasa mai tsarki daga nan garuruwa uku ya sani: Jidda, Makka, Madina. Abin ya sauya ne a 'yan shekarun nan. A 2019 Saudiyya ta fara ba da bizar yawon buɗe ido, daga 2022 kuma mai bizar Umra ya samu damar shiga kowane gari a ƙasar. Shi ya sa yanzu da ka fito daga masauki bayan Asuba za ka ji ana kiran "Ɗa'ifa, ziyara, Ɗa'ifa", wani lokacin ma da Hausa tsantsa, don cikin masu harkar akwai jikokin mutanenmu da suka je a ƙafa tun zamanin kakanni suka zauna.

Tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, kusan awa ɗaya da rabi ce a mota. To ina yinin yake tafiya? An ce a fito da sassafe, amma sai hantsi ake tashi, saboda akwai mai neman canjin Riyal, akwai wadda ta koma ɗauko maganin hawan jini. A hanyar Hada, wadda ke nannaɗe dutse tana hawa, a tsaya wa birai. A ƙara gaba a shiga layin akwatin waya. Daga nan sai gidan turaren wardi, inda ake yin zango mafi tsawo a cikin gari, kuma duk wanda ya taɓa raka baƙo Kantin Kwari ya san abin da ake kira la'ada, ba sai an yi masa bayani ba. A ci abinci, ciki ya yi nauyi. Sannan a kai mutane masallacin Abdullahi ɗan Abbas, raka'a biyu, kafin ka sallame direba ya fara danna oda.

Abin da ya fi komai cinye yinin shi ne miƙati. Yawancin motocin nan suna dawowa ne ta Ƙarnul Manazil, wato Sailul Kabir, ko ta Wadi Muhrim, domin fasinjoji su yi wanka su ɗaura harami su shiga Makka da sabuwar Umra. Da yawa ma abin da ya fito da su ke nan, Ɗa'ifa ɗin hanya ce kawai. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a ciki an karhanta maimaita Umra a shekara guda, wasu mazhabobin kuma ba su ga laifi ba. Wannan na bar wa malamai. Abin da na sani shi ne taura biyu ba ta taunuwa: wanda zuciyarsa ke kan ɗawafin da zai yi da dare, ba zai tsaya kallon gari da rana ba.

2. Me ya kai mutane kan dutse?

Mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. Daga Kademi ka miƙa ido, gero ne da dawa da kuka da tsamiya har inda sama ta sauka. Wanda ya tashi a irin wannan wuri, in ya ga gari a kan dutse, tambayar da ta kamata ta fara zo masa ita ce: me ya sa mutane suka bar ƙasa suka hau nan da yara da dabbobi da tukwane? Amsar wannan tambaya ita ce tarihin garin gaba ɗaya, kuma ita ce ba a yi a cikin motar.

Makka a kwari take, zafi, ba noma. Ɗa'ifa kuwa tana bisa tsaunukan Sarawat, sama da mita 1,800 daga doron teku. Can ana samun ruwan sama, iska na da sanyi, ƙasa na karɓar shuka. Inabi, rumman, ɓaure, zuma. Mutanen garin sun shahara da busar da inabi da jimar fata. Sun iya tare ruwa tun da daɗewa: har yau akwai madatsar Saisad a wajen gari, da rubutu a jikin dutse mai cewa an gina ta ne don Halifa Mu'awiya a shekara ta 58 bayan Hijira. Kasuwar Ukaza, inda mawaƙan Larabawa ke haɗuwa su gwada fasaha kafin Musulunci, a yankin take. Attajiran Ƙuraishawa suna da gonaki a can, suna hawa su huta in zafin Makka ya tsananta.

Ka haɗa waɗannan sai ka ga su wane ne Banu Saƙif, masu garin. Mutane ne masu rumbu cike, masu ganuwa, masu gunkinsu na kansu, Lata, wadda ake zuwa wurinta daga nesa ana kawo musu ciniki. Ba sa jin Makka ta fi su da komai. Wajen waɗannan mutanen ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nufa a shekara ta 10 da aiko shi, bayan rasuwar Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib, daga shi sai Zaidu ɗan Harisa. A ƙafa.

Wannan "a ƙafa" ɗin mun sha jin ta a wa'azi tun muna yara, amma mutumin Kademi ba zai san nauyinta ba sai ranar da mota mai sanyi ta ɗauke shi tana kwana tana hawa, kunnensa ya toshe, ya leƙa taga ya ga ramin da ke ƙasa ya kawar da kai. Ko ta wace hanya aka bi a wancan zamani, hawa ne. Nan ne gani ya kori ji, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin biyan kuɗin mota. Amma a daidai wannan wurin ne ake raba lemo ana neman biri.

Sauran labarin sananne ne. Manzon Allah ya gana da shugabannin garin, 'yan'uwa uku, Abdu Yalil da Mas'ud da Habib, suka yi masa izgili. Suka tura masa yara da wawaye suna jifa har jini ya zuba a takalmansa, Zaidu yana kare shi da jikinsa. Ya fake a wata gona ta Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a, mutanen Makka masu gaba da shi, waɗanda duk da haka tausayin zumunta ya kama su, suka aiko bawansu Addasu da inabi. Addasu Kirista ne daga Ninawa, garin Annabi Yunusa, a ƙasar Iraƙi ta yau, kuma shi ne ya gane wanda yake gabansa. Lura da abin da ƙasa ta yi a cikin labarin: ba don Ɗa'ifa wurin hutun masu kuɗin Makka ba ce, da ba a samu gonarsu a can ba, da babu inabi, da babu Addasu. A kan hanyar komawa aka ba Manzon Allah zaɓin a haɗe duwatsu a kan waɗanda suka ƙi shi, ya ƙi, yana fatan Allah Ya fitar da masu bauta Masa daga tsatsonsu. Shekaru bayan haka, da Nana A'isha ta tambaye shi ko ya ga ranar da ta fi Uhudu tsanani, wannan tafiya ya ambata.

A shekara ta 8 bayan Hijira, bayan yaƙin Hunaini, Musulmi sun yi wa garin ƙawanya, har da majaujawar jifa da duwatsu, amma ganuwa da tudu da abincin da aka tara suka hana a ci shi, aka janye. Shekara guda bayan haka Saƙifawa da kansu suka aika tawaga Madina suka miƙa wuya. Sun nemi a bar musu Lata na shekara uku, aka ƙi. Ɗan garin, Mugira ɗan Shu'uba, yana cikin waɗanda aka aika suka rushe ta. Da ridda ta ɓarke bayan wafatin Annabi (SAW), Ɗa'ifa na cikin garuruwan da suka tsaya. Daga wannan ƙabila aka samu Muhammadu ɗan Ƙasim, saurayin da ya kai Musulunci Sindh, a Pakistan ta yau. Daga cikinta kuma aka samu Hajjaju ɗan Yusufa, wanda tarihi bai manta da kaifin takobinsa ba. Tsatso ɗaya, 'ya'ya iri-iri.

Garin bai tsaya a zamanin sahabbai ba. Nan ne gwamnatin Saudiyya ta riƙa komawa da rani, nan Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953, nan kuma aka ƙulla yarjejeniyar 1989 da ta kawo ƙarshen yaƙin basasar Lebanon. Duk dalili ɗaya ne ya ja su, wanda ya ja Utba da Shaiba: sanyin tudu.

3. Abin da direba ya nuna

Direba ba malami ba ne, kuma ba a ɗauke shi don ya zama malami ba. Zai nuna maka masallacin Addasu a unguwar Masna, ya nuna wani ƙaramin masallaci a gindin dutse ya ce nan Annabi (SAW) ya jingina da gwiwar hannu. Gine-ginen da ake gani a wuraren nan an yi su ne ɗaruruwan shekaru bayan abin ya faru, kuma ba wanda zai rantse maka cewa daidai wannan taku ne. A nan mutanenmu ke rabuwa biyu. Wasu su sauka su shafi bango, su ƙulle ƙasa a gefen mayafi. Wasu su ce ai duk bidi'a ce, su zauna a mota suna latsa waya.

A ganina duka biyun sun yi asara. Zuwa Ɗa'ifa ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umra, kuma bango ba ya ba da komai. Amma kwarin garin, Wajju, yana nan inda yake, tsaunukan ba a canja su ba, nisan da ke tsakaninsu da Makka bai ragu ba. Tabbas ne kuma cewa Abdullahi ɗan Abbas, malamin tafsirin sahabbai, a garin ya ƙare rayuwarsa a shekara ta 68 bayan Hijira, bayan ya makance. Mai son abin da ba shakka a cikinsa yana da abin kallo har ya gaji, in dai an bar shi ya sauka ya taka.

Ko turaren ma akwai ilimi a cikinsa in an bi a hankali. Wardin Ɗa'ifa yana fure ne wajen watan Maris da Afrilu, ana tsinke shi da asuba kafin rana ta taɓa shi, a dafa a manyan tukwanen tagulla a tatsi ruwan da man. Dubban furanni ne ke ba da tola guda, kuma da ruwan wardin ake haɗawa da zamzam a wanke Ka'aba. Wanda ya san haka zai san cewa kwalbar da aka miƙa masa a kan Riyal goma ba man wardi zalla ba ce, ya saya da saninsa.

4. Dala na kan hanya

Akwai masu cewa me ya kai mu kallon duwatsun wasu, gida bai ƙoshi ba a kai wa dawa. Ban yarda da su ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma wanda Allah Ya hore wa ya je. Amma akwai wata gaskiya a kusa da maganarsu: ido a gida yake koyon kallo.

Mutumin ƙasar Gaya yana da haƙƙi a kan Dutsen Dala fiye da yadda yake zato. Labarin da aka gada ya ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya ya zauna a gindin dutsen yana neman tama, kuma Abagayawan cikin birni daga nan suke jingina asalinsu. A labarin Bayajida ma, maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Labarin baka ne, na sani, amma masu tonon ƙasa sun samu alamun narkar da ƙarfe a Dala da suka kai ƙarni na 7 na Miladiyya, wato zamanin da ake wancan jifa a Ɗa'ifa, ko kusa da shi, ana hura zuga a gindin Dala. Dutsen yana da nasa Barbushe da gunkinsa Tsumburbura, garin ya samu ganuwarsa tun daga Sarki Gijimasu. Tudu, arziki, abin bauta, ganuwa, sannan Musulunci ya shigo. Wanda ya taɓa tsayawa a kan Dala aka nuna masa wannan jerin, ba ya bukatar direba ya fassara masa Ɗa'ifa.

To mu nawa ne muka hau? Muna bin Gaya, mu haye gadar Wudil, mu shiga ta Mariri, mu yi Kwari da Singa da Kurmi, mu je dubiya asibiti, mu kwana a sansanin alhazai, mu tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Dala na tsaye muna hangenta ta gilashi, kamar dai yadda karin maganar ta faɗa: hangen Dala ba shiga birni ba ne. Hawanta 'yan mintoci ne a kan matakala, daga sama kuma ga Goron Dutse, ga rufin Kurmi, ga babban masallacin birni da Gidan Rumfa. Gabas da mu ga Dutse da tsohuwar unguwar Garu a tsakanin duwatsu, ga zanen da mutanen da suka bari a kogunan dutse na Birnin Kudu. Ban ma kai ga Kufena ta Zariya ba, ko Sukur ta Adamawa da ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 1999.

Masarautar Gaya, wadda dokar 2024 ta bar mata Gaya da Ajingi da Albasu, tana da abin yi a nan da ba ya bukatar kasafin miliyoyi: mota guda, 'yan aji uku na sakandare, malamin tarihi ɗaya, da wani dattijo daga cikin maƙera.

5. Kafin a biya Riyal

Kada a ce na manta da tsofaffi. Hajiyar da gwiwa ke damunta, wadda ta sha zafin Makka, in ta hau Ɗa'ifa don ta shaƙi iska ta ga birai ta yi dariya, halal ɗinta ne, Allah Ya ƙara lafiya. Ba kowa ne ɗalibin tarihi ba. Ƙorafina a kan wanda ya so ya gani ne aka hana shi, da wanda bai san akwai abin gani ba saboda ba a taɓa gaya masa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kujerar Hajjin 2025 ta haura Naira miliyan 8, Umra ma ba ta da arha. Ana tara maniyyata bita mako-mako a ƙananan hukumomi, har da ɗan ɗakin gwajin ɗawafi. Zama ɗaya a cikin zaman nan, a ba malami taswira ya nuna ina Makka, ina Ɗa'ifa, ina Hunaini, ina miƙati, ya ba da labarin da tsari, bai fi ƙarfin kowa ba. Masu Umra, waɗanda su ne suka fi yin wannan ziyara, galibi ba su da bita sam. Kamfanonin da ke kai su suna iya sa wanda ya karanta sira a kujerar gaba, a ba shi lasifika tun daga gindin dutse, maimakon a cika motar da sautin waya ashirin.

Shi kuma matafiyi, matambayi ba ya ɓata. Kafin ka miƙa kuɗi, tambayi mai mota abu uku: zango nawa za a yi, awa nawa za mu yi da ƙafarmu a cikin tsohon gari, kuma ta miƙati za a dawo ko kuwa. In ya lissafa maka wuri bakwai a yini ɗaya, ka san ta taga za ka gan su. Gara ku haɗu ku huɗu ko biyar ku ɗauki ƙaramar mota, ku ce masa wuri uku kuke so: ku tsaya a kan hanyar Hada inda ake hango kwarin, ku sauka a Masna ku taka cikin gonaki, ku yi Azahar a masallacin Ibn Abbas ku shiga tsohuwar kasuwar da ke kusa da shi a ƙafa, ku sayi rumman da zuma a hannun masu su. Zai ɗan fi tsada a kan kowane mutum. Wanda yake son ƙarin Umra ya ware mata wata ranar daban, Tan'im na nan kusa da Makka. In kuma tafiyar ta faɗo a watannin hunturu, a tafi da rigar sanyi, musamman saboda tsofaffi.